Wayar Ciniki: A Kasuwa Ake Gwada Ta, Ba a Ofis Ba

Iyayena makiyaya da ke bakin rijiya ko bisa burtali, barkanku da ƙoƙari. Alhazai da hajiyoyi na kasuwannin Maraɗi, Ɗan Isa, Jibiya, Ƙonni, Illela, Magarya, Mai'aduwa da Maigatari, Allah ya ba da kasuwa mai albarka.

Maganarmu ta yau a kan salula ce, amma ba salular gaisuwa da jin kiɗa ba. Muna nufin wadda ta zama jakar kuɗi da littafin bashi. Yau mutum zai saida bajimi a kara, ba a ƙirga masa ko takarda ɗaya ba, sai dai wayarsa ta yi ƙara a ce kuɗi sun shiga. Wannan sauƙi ne, babu musu. An huta da ɗaure kuɗi a ƙugu ana bin hanyar daji da fargaba. Amma kowa a nan ya san wani da ya aika kuɗi wurin da bai yi niyya ba, ko ya ƙara sifiri ɗaya bisa kuskure, ko ya biya kuɗin kaya sau biyu don waya ta yi shiru ba ta faɗi ko na farko ya tafi ba. In haka ta faru, abin da mutum ke cewa shi ne: “Ai ni ban yi boko ba.” Ya ɗora wa kansa laifi ya yi shiru.

Abin da nake so ku riƙe daga shirin yau shi ne, sau da yawa laifin ba naku ba ne. Wanda ke iya duba garke na shanu ɗari ya gane wadda ba ta dawo ba, wanda ke riƙe bashin mutum talatin a ka ba tare da alƙalami ba, ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. In manhaja ta rikita irin wannan mutum, to akwai wanda ya tsara fuskarta bai yi tunaninsa ba. Manhaja ita ce abin da ake sakawa cikin waya don wani aiki, kamar aika kuɗi ko rubuta bashi. Fuskarta kuwa ita ce abin da ido ke gani da abin da yatsa ke taɓawa: rubutu, hotuna, madannai, da jerin tambayoyin da take yi maka kafin aiki ya kammala. Mutane ne ke zama su tsara wannan fuska, kamar yadda maƙeri ke ƙera lauje. In ƙota ta yi wa hannu kaɗan, ba a zagin manomi.

Inda aka tsara da inda ake aiki

Galibin masu tsara waɗannan abubuwa suna zaune ne a ɗaki mai sanyi, bisa kujera, hannu biyu a sake, da babbar waya sabuwa da intanet mai ƙarfi. To, ku dubi inda ake aiki da ita. Ranar Alhamis ce a kasuwar dabbobi ta Maigatari, rana ta take tsaka. Hannun hagu na riƙe da igiyar rago, na dama na riƙe da waya. Gilashin wayar ya tsage tun bara, ƙura ta lulluɓe shi, yatsa kuma da zufa. Dillali na magana ta nan, mai saye na tayi ta can, mai mota na kiran a yi lodi. Cajin waya ya kusa ƙarewa. Rezo kuma yana zuwa yana tafiya, wani lokaci ma wayar ta tsallaka ta kama layin ƙasar maƙwabta ba tare da mai ita ya gusa ko taki ɗaya ba.

Duk manhajar da ba ta iya aiki a wannan hali, ba ta ɗan kasuwa ba ce, ko da kuwa an yi mata ado kamar amarya.

Mu fara da ido da yatsa. Rubutu mai launin toka a kan fari yana da kyau a inuwa, amma cikin rana ɓacewa yake yi. Baƙi a kan fari, da manyan lambobi, shi ne ke karantuwa, musamman ga dattijon da idonsa ya fara rauni. Su kansu manyan kamfanonin sun san da zancen girman madanni. Ƙa'idar da Google ya shimfiɗa wa masu yin manhajar Android ta ce wurin da za a taɓa kada ya gaza wajen milimita 9, wato kusan faɗin kan yatsa. Wannan ga mai hannu a sake ke nan. Ga wanda hannunsa ya yi kanta da guga da sanda, a ƙara masa ya fi. Sannan madannin “aika” da na “fasa” kada su manne da juna. A raba su, a bambanta launinsu da girmansu, don kada tuntuɓen yatsa ya zama asara.

Dala, jikka da sifiri

Yanzu ga inda kuɗi suka fi zubewa, wato wajen lamba. Ku lura da wani abu da muke yi kullum har mun daina ganinsa. A kasuwannin Nijar ba da tamma ake ƙirga ba, da dala ake yi, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce. In an ce dala ashirin, sefa 100 ake nufi. In an ce ɗari, sefa 500 ke nan. Jikka ɗaya ita ce sefa 1000. Baki na faɗin lamba ɗaya, waya na neman wata. A ce Hajiya ta sayi kaya na ɗari da hamsin, ta miƙa wa yaro waya ta ce ya tura. In yaron ya rubuta 150, ya rage wa mai kaya kuɗinsa, don abin da aka sallama 750 ne. Kowane ciniki sai mutum ya ninka sau biyar a kansa kafin ya danna, cikin hayaniya kuma. Ga wani ƙarin ruɗu: jakar da tsofaffin ƴan kasuwar Kano da Katsina suka sani naira 200 ce, ba dubu ba. Kalma ɗaya, iyaka ɗaya, ƙirga biyu.

Ba a nan ta tsaya ba. Mai rubutu da Faransanci yana raba dubbai da ɗigo ko da fili, ya sa waƙafi gaban ƙananan kuɗi. Mai rubutu da Ingilishi akasin haka yake yi. Manhajar banki ta Nijeriya za ta nuna naira dubu biyar kamar haka: 5,000.00. Sifiri biyun ƙarshe na kwabo ne, kwabon da yau ba a sayen ko ashana da shi. Wanda ya saba da sefa, in ya ƙirga sifiri ya ga biyar, sai ya ɗauka dubu ɗari biyar ne. Mazambata sun san wannan sarai, kuma suna cin abinci da shi.

Me ya kamata mai tsarawa ya yi? Abu ne mai sauƙi in an so. Bayan an rubuta lamba, manhaja ta maimaita ta da kalmomi, cikin harshen kasuwa: “Jikka ashirin da biyar za ka aika.” In da hali ta faɗa da murya. Tana kuma iya nuna hoton takardun kuɗin, tunda kowa ya san su da launinsu: ta jikka goma mai ruwan shunayya, ta jikka biyar koriya, ta jikka biyu shuɗiya. Wanda bai iya bambanta 25 000 da 250 000 a rubuce ba, ba zai taɓa kasa bambanta takarda uku da dami guda ba. In kuma kuɗin da aka rubuta sun zarce abin da mutum ya saba aikawa nesa ba kusa ba, ta tsaya ta sake tambaya. Yaron shago mai hankali ma haka yake yi: “Alhaji, nawa ka ce?”

Haka zancen canji. In kuɗi za su fita da sefa su isa da naira, a nuna duka biyun a fuska ɗaya, da farashin canjin, da ladan aikawa, kafin a nemi lambar sirri. Ɗan canji na bakin tasha yana faɗa maka farashinsa kafin ka miƙa kuɗi. Manhajar da ke ɓoye ladanta sai bayan kuɗi sun tafi, ba ta kai shi gaskiya ba.

Suna kafin lamba

Lambar waya a Nijar guda 8 ce. A Nijeriya guda 11 ce in an haɗa da sifirin farko, lambar asusun banki kuma guda 10. Wanda ke ciniki tsakanin ƙasashen biyu yana juya waɗannan duka a rana ɗaya. Musanya lamba biyu kacal ya isa kuɗin buhu goma su faɗa hannun wanda ba ka taɓa gani ba.

A nan akwai abin yabo a tsarin bankunan Nijeriya: in ka rubuta lambar asusu, sunan mai shi na fitowa kafin ka tura. Wannan ɗan abu ya tsirar da dukiya mai yawa. Amma sunan ba ya da amfani in an rubuta shi ƙanana a lungu, ko in mai aikawa ba ya karanta boko. Ya kamata sunan ya fito da girma, a tsakiyar fuska, kuma waya ta iya karanta shi a ji. Mutanen da ka saba aika wa kuwa, a jera su a sama da hotonsu ko wata alama da kai ka zaɓa, don kada kullum a sake rubuta lamba daga farko. Makiyayi ya san kowace saniya da kamanninta, ba da lamba ba. A bar shi ya san abokan cinikinsa ta wannan hanya.

Hoton da ba ya magana

Wasu masu tsarawa na cewa, tunda mutane ba su karatu, bari mu sa hotuna. Niyya ce mai kyau, amma wane hoto? Alamar “adana” a manhajoji da yawa hoton wani faifan kwamfuta ne da aka daina aiki da shi tun kafin wasunmu su yi wayo. Alamar “saye” keken tura kaya ne irin na manyan kantunan birni. Alamar “gyare-gyare” wani ƙarfe ne mai haƙora. Wanda bai taɓa ganin waɗannan ba, a gare shi zane ne kawai.

An yi bincike a kan haka. Wata mai bincike ƴar Indiya, Indrani Medhi, da abokan aikinta a cibiyar binciken Microsoft ta birnin Bangalor, sun shafe shekaru suna gwada fuskokin waya da mutanen da ba su yi karatu ba, har da na aika kuɗi. Abin da suka gano ya yi daidai da abin da muke gani a nan. Fuska mai rubutu zalla ba ta aikatuwa ga wanda ba ya karatu. Zane mai kama da abin da mutum ya sani a rayuwarsa ya fi alamar da aka taƙaita. Hoto in an haɗa shi da murya mai bayani, mutane sun fi kai wa ƙarshen aiki. Sun kuma lura jerin zaɓi mai shiga cikin wani jerin, ɗaki cikin ɗaki, yana ɓatar da mutane. Ke nan abin da aka fi yi kullum, kamar duba saura, aikawa da karɓa, a sa shi a bakin ƙofa. Kada a ɓoye shi a ƙuryar gida.

Kuna son misalin tsari mai kyau? Yana cikin aljihunku. Saƙon murya na WhatsApp, wanda aka fito da shi a 2013. Madanni ɗaya ne: ka danna ka riƙe, ka yi magana, ka saki. Alama ɗaya ta nuna ya tafi, biyu sun nuna ya isa. Ba wanda ya buɗe makaranta don koyar da shi, amma yau da shi ake tayin shanu, ana aika hoton rago daga Tawa a yi ciniki a Sakkwato. Tsohuwar da ba ta san harafi ko ɗaya ba tana aiki da shi. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa ba mutanenmu ne ba su iya waya ba.

Harshe da rubutu

Layin Nijar na yi maka magana da Faransanci, na Nijeriya da Ingilishi. Mai wayar kuwa Hausa yake ji, ko Fulatanci, ko Zabarmanci, ko Barbarci, ko harshen Buzaye. In an fassara ma, wani lokaci sai a kawo Hausar da ba a yi a kowace kasuwa. A yi aiki da kalmomin da bakin mutane ya saba: bashi, saura, la'ada, kuɗin mota, tiya, buhu. Manhajar rubuta ciniki da ta san kilo kaɗai, ba ta san tiya da mudu ba, ta bar mai hatsi a waje. Wadda ke da gurbi ɗaya na “saniya”, ba ta raba bajimi da karsana da maraƙi ba, ba ta san kara ba.

Sai a tuna kuma, da yawa daga waɗanda takardun hukuma ke kira marasa karatu sun yi makarantar allo, suna karanta ajami, suna rubuta bashinsu da shi. Har yau manyan takardun naira na ɗauke da adadinsu a rubuce da ajami. Abin da takardar kuɗi ta iya, me zai hana waya ta yi?

Akwai wani dalili na fasaha da ya sa kuke ganin saƙonnin kamfani da Hausa mara lanƙwasa. Gajeren saƙo na waya yana ɗaukar harafi 160 in da haruffan Turawa aka rubuta. Da zarar an sa ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya, sai iyakarsa ta faɗo zuwa 70, saƙo ɗaya ya koma biyu ko uku, kuɗinsa ya ƙaru. Sai a cire lanƙwasar, baƙi ya koma baki, ƙari ya koma kari. Mai tsarawa da ya san haka sai ya zaɓi kalmomin da ba su rikita ma'ana ko an cire musu lanƙwasa, ya kuma ba mai jin harshen ya karanta kafin a watsa.

Ƙaramar waya ba ta mutu ba

Yawancin makiyaya ba babbar waya suke ɗauka zuwa daji ba. Ƙarama ce mai madannai da tocila, wadda ke kwana uku ko huɗu ba caji, ta faɗi a yashi a ɗauka a kakkaɓe. A kanta ana aiki ne da lambobin nan da ake farawa da tauraro, waɗanda masana ke kira USSD. Ba su buƙatar intanet. M-Pesa ta Kenya, wadda kamfanin Safaricom ya fara a 2007 kuma ta zama abin misali a duniya wajen aika kuɗi ta waya, a kan irin waɗannan ƙananan wayoyi ta ginu, da ɗan gajeren jerin zaɓi.

Amma wannan hanya na da ƙuncinta. Fuska ɗaya ba ta wuce harafi 182, kuma ba ta jira. In ka tsaya kana haɗa baƙi, ko kana laluben lamba a takarda, sai ta yanke, ka koma farko. Wa wannan ya fi cuta? Mai karatu a hankali. Don haka matakai su zama kaɗan. Kuma kada a riƙa sauya jerin. Mutane da yawa ba karanta shi suke yi ba, haddace shi suka yi: ɗaya, ɗaya, lamba, kuɗi, lambar sirri. Ranar da kamfani ya cusa sabon talla a gurbi na ɗaya ya tura “aika kuɗi” zuwa na biyu, ya sauya wa makaho wurin ƙofa ne ba sanarwa.

A ƙasar Mali, a 2017, ƙungiyar SNV ta ƙasar Holan da kamfanin Orange sun fara wani aiki don makiyaya mai suna Garbal. Yana ba da labarin inda ciyawa da ruwa suke, da yawan dabbobin da suka taru a wuri, da farashi a kasuwanni, wani ɓangare daga hotunan tauraron ɗan adam. Abin lura shi ne hanyar da suka bi: makiyayi na kira da ƙaramar wayarsa, mutum ya amsa masa da harshen da yake ji. Ba su ce sai ya sayi babbar waya ya koyi karanta taswira ba. Wani lokaci fuska mafi kyau ita ce muryar ɗan adam.

Amfanin labarin farashi kuwa an auna shi a ƙasar Nijar. Jenny Aker, masaniyar tattalin arziki daga Amurka, ta bi kasuwannin hatsi tsakanin 2001 da 2006, lokacin da salula ke shiga gari bayan gari, ta ga tazarar farashi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari inda waya ta iso. Kira kawai ya yi wannan aiki, don kira abu ne da kowa ya iya.

In rezo ya ɗauke

Ga lokacin da zuciya ke bugawa: ka danna “aika”, abu na ta juyawa a fuskar waya, ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Mai kaya na tsaye. Ka sake turawa? Da yawa sun sake, kuɗi suka fita sau biyu, aka yi makonni ana bin sawu. Manhajar kirki ba ta barin mutum a duhu. Ta faɗa ƙarara: ya tafi, ko bai tafi ba, ko yana hanya kada ka sake. In ta ga kuɗi iri ɗaya za su koma wurin mutum ɗaya cikin ƴan mintoci, ta yi gargaɗi.

Masu na'urar POS a gefen Nijeriya sun san takardar da ke fitowa da lamba 91, ko 51, ko 55. Ta 51 na nufin kuɗin asusu ba su isa ba. Ta 55, lambar sirri ba daidai ba. Ta 91, ba a samu bankin mai katin ba a wannan lokaci. Injiniya ya gane, mai goro fa? Saƙon matsala ya kamata ya amsa tambaya uku da ke ran mutum: me ya faru, ina kuɗina suke yanzu, me zan yi.

Ita kuwa manhajar rubuta bashi da ƙirga kaya, dole ta yi aiki ko babu rezo, ta ajiye abin da aka rubuta, in an shigo gari ta aika. Takarda ba ta taɓa cewa a jira intanet ba. Kuma in waya ta faɗa rijiya ko aka sace ta, a ce akwai hanyar dawo da lissafin a wata wayar. In babu, littafin nan mai bangon kwali ya fi ta amana.

Lambar sirri

Duk inda fuska ta yi wuya, ƙarshenta mutum ya miƙa wa wani wayarsa ya faɗa masa lambar sirri. Wani ɗansa ne, wani yaron shago ne, wani kuwa baƙo ne a tasha. Ana ta yi mana wa'azi kada mu ba kowa lambar, kuma gaskiya ne, kada a bayar. Amma mai tsarawa ya tambayi kansa me ya sa ake bayarwa. In ana so a taimaki Baba, a tsara yadda yaro zai shirya komai, sannan ya miƙa wa Baba waya, ta karanta masa suna da adadi da murya, shi ya sa lambarsa da hannunsa. Masu buɗewa da zanen yatsa kuma su tuna hannun da ya sha igiya da ƙura ba kullum na'ura ke gane shi ba, a bar wata ƙofa.

Sannan ku kiyayi saƙon shigar kuɗi na bogi. Saƙon rubutu kowa na iya ƙirƙira shi ya turo. Kada dabba ta bar turke, kada buhu ya hau mota, sai ka duba saura a asusunka da kanka. Shi ya sa na ce duba saura ya zama abu mafi sauƙi a kowace manhaja, danna ɗaya ko biyu.

Kafin ka amince

Ba a sayen sa ba a duba haƙori ba. To, in an kawo maka sabuwar manhaja, ko wakilin kamfani ne ko ɗanka ne, ka gwada ta haka. Ka fita da ita cikin rana ka ga ko tana karantuwa. Ka riƙe ta da hannu ɗaya. Ka fara aika kuɗi kaɗan, dala ashirin ko naira ɗari, zuwa ga wanda ke tsaye kusa da kai, ka ga ko ta nuna suna da lada kafin su tafi. Ka yi kuskure da gangan ka ga ko akwai hanyar komawa baya. Ka kashe intanet ka ga me za ta ce. Ka tambaya: in kuɗi sun maƙale, wa zan kira, da wane harshe zai amsa, ina ofishinsu mafi kusa? A ƙarshe ka gwada yi kai kaɗai, ba mai nuna maka. In sau uku ka gwada ba ta yiwu ba, kada ka zuba mata kuɗin garke.

In kuma ta rikita ka, kada ka haɗiye. Ka faɗa wa wakilinsu, ka faɗa wa sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiyarku ta makiyaya ko ta ƴan kasuwa, su kai kuka da murya ɗaya. Kamfanonin nan ladan aikawarku suke ci, kuma suna gasa da juna. Abokin ciniki da ya yi shiru ya koma ga tsabar kuɗi, ba su san dalilinsa ba.

Ku kuma samari ƴan'uwana da ke koyon wannan sana'a a Yamai, Maraɗi, Damagaram, Kano ko Katsina, ga shawara. Kafin ku zana madanni ɗaya, ku je kara ranar kasuwa ku wuni. Ku zana fuskar a takarda, ku miƙa wa dillali da mai hatsi da mai nono, ku ce su aika jikka biyar, sannan ku kame bakinku ku kalli inda yatsansu ya tsaya. Duk inda ya tsaya yana shakka, nan gyaranku yake. Mutum biyar ko shida sun isa su nuna muku manyan ramukan. Ku gyara ku koma, ku sake gyarawa. Kuna da abin da mai tsarawa na wata nahiya ba shi da shi: kun san dala, kun san tiya, kun san yadda ake cewa albarka da yadda ake sallamawa.

Masu saurare, layinmu a buɗe yake kamar kullum. Ku turo saƙon murya ku faɗa mana wace fuska ce ta fi ba ku wuya, wace ce kuma ta fi sauƙi, amma kada ku faɗi lambar sirri ko ta asusu a ciki. Za mu tattara mu karanta a shiri na gaba. Allah ya tsare dukiya, ya ba da damina mai albarka, ya kai kowa gida lafiya. Sai mun sake saduwa.